FILIN LAMBU: Jan Garehul a Tsakar Gida

Sau da yawa magidanci yakan ɗanɗani jan garehul a gidan aboki, ko a wani masaukin baƙi na Ikko ko Kaduna, ya ga cikinsa ja wur kamar na kankana, ya ji ɗacinsa bai kai na farin nan da ake tallarsa a tasha ba, sai sha'awa ta kama shi ya ce lalle sai ya mallaki irinsa a gida. Abin da yakan fara yi shi ne ya tona tsokar yana neman ƙwayar iri. In ya yi sa'a ya sami guda ɗaya ko biyu, sai ya ƙunshe su a takarda ya kawo gida ya binne a bayan ɗaki. To, daga nan ne wahala take somawa. Ƙwayar za ta tsira, za ta yi tsawo, za ta yi ƙaya zaƙo-zaƙo, amma mai ita yana iya shekara bakwai, wani lokaci har goma, yana ɗibar ruwa yana zuba mata bai ga fure ko ɗaya ba. Wanda kuwa ya sayi dashe mai aure a ranar da wancan ya binne ƙwayarsa, cikin shekara ta uku ko ta huɗu ya fara tsinka.

Domin a gane dalilin wannan, ya kamata a san inda itacen ya fito. Garehul ba tsohon itace ba ne kamar lemun tsami. A tsibirin Babados, can yankin Karebiyan, aka fara ganinsa, kuma cikin shekarar 1750 aka fara rubuta bayaninsa. Barbara ce ta haɗa lemun zaƙi da wani ƙaton lemo mai kaurin ɓawo na kudu maso gabashin Asiya, wanda ake kira fomelo, shi ya sa ya ɗauko girma da ɗaci a gefe guda, ruwa da ɗan zaƙi a ɗaya gefen. Daga baya aka kai shi Filorida ta Amurka. A can aka sami wani iri fari marar ƙwaya mai suna Marsh. Cikin 1913 sai aka tarar reshe ɗaya na wata bishiyar Marsh ya saɓa wa 'yan'uwansa, yana ba da 'ya'ya masu ɗan ja-ja a ciki, aka yanki idonsa aka yaɗa, aka sa masa suna Thompson. Cikin 1929 kuma, a wani lambu na garin McAllen a jihar Teksas, wani manomi mai suna A. E. Henninger ya ga reshen wata bishiyar Thompson ya sake saɓawa, jansa ya fi na uwar ƙarfi har yana nunawa a ɓawo. Wannan reshe shi ne asalin Ruby Red, wanda aka yi masa rajistar mallaka a 1934. Masana a tashar binciken lemo ta Weslaco, a Teksas ɗin dai, suka ɗora a kai: suka fitar da Star Ruby a 1970, sa'an nan Rio Red a 1984, dukansu sun fi Ruby Red ja. Sinadarin da ke kawo jan kuwa, watau laikofin, shi ne dai wanda ke cikin tumatir da kankana.

Abin lura a nan shi ne, daga reshe zuwa reshe wannan ja ya yi ta tafiya har ya iso ƙasar nan, ta hannun masu aurar da itatuwa. Saboda haka kowace bishiyar jan garehul ta ƙwarai itace biyu ce a jiki ɗaya. Daga ƙasa akwai gindi, wanda aka shuka daga ƙwayar wani lemo mai juriya, aikinsa saiwa da neman ruwa. Daga sama akwai idon garehul da aka tsaga ɓawon gindin aka cusa, aka ɗaure har ya kama ya toho. Inda suka haɗu yakan bar ɗan kumburi ko ɗan karkata a jikin kara, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Wannan gurbi, mahaɗar aure, shi ne ran bishiyar, kuma kusan duk wata hidima da mai gida zai yi daga ranar saye har tsufan itacen, tsaron wannan wuri ne.

Tun a wurin saye ake fara tsaron. Masu sayar da dashe a bakin titi suna da yawa, cikinsu akwai masu gaskiya, akwai kuma wanda duk lemon da aka tambaye shi zai ce ga shi nan, alhali ganye ne kawai a cikin leda. Mai saye ya durƙusa ya duba karan da idonsa. In babu tabon aure, ya bar shi komai arharsa. In akwai, ya tambayi irin garehul ɗin da irin gindin, domin wanda ya yi auren da hannunsa ba zai yi inda-inda ba wajen amsa. Ganyen garehul yana da wata alama: a ƙasan babban ganyen akwai ɗan ƙaramin fiffike mai faɗi a jikin matsirinsa, wanda ya fi na lemun zaƙi girma. Wannan yana nuna garehul ne, amma ba ya nuna ja ne ko fari, don haka a ƙarshe amanar mai reno ita ce madogara. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, wadda aka sani da NIHORT, tana da hedkwata a Ibadan, tana kuma da rassa a Bagauda ta jihar Kano da Dadin Kowa ta jihar Gombe. Tambaya a irin waɗannan wurare, ko wurin malamin gona na yanki, ta fi sayen kan hanya nesa ba kusa ba.

Maganar gindi ba ƙarama ba ce. Wani tanjarin da ake kira Cleopatra ya yi suna a ƙasar nan wajen wannan aiki. Yana da ɗan jinkirin fara haihuwa, amma 'ya'yansa sukan yi daɗi, yana kuma jure ruwa mai ɗan gishiri. Babban lemun tsamin nan mai kaushin ɓawo yana da saurin girma da jure fari, ya dace da jigawa, sai dai 'ya'yan da aka ɗora a kansa sukan yi kaurin ɓawo da ƙarancin zaƙi, kuma ruɓar gindi tana saurin kama shi. Shi kuwa lemun nan mai ɗaci, wanda a da duniya ta fi dogara da shi, wata cuta mai suna tiristiza, wadda ƙananan ƙwarin ganye ke yaɗawa, ta hallaka miliyoyin itatuwan da aka aura a kansa a Barazil da Ajantina da Sifen, don haka aka ja baya da shi. A ɓangaren sama kuma, Star Ruby ya fi kowa ja, amma shagwaɓaɓɓe ne: rana tana ƙona shi, ganyensa yakan yi ɗorawa, ruɓa ba ta yi masa da sauƙi. Wanda bai taɓa renon lemo ba, Ruby Red ko Rio Red sun fi masa kwanciyar hankali.

Sai wurin dasawa. Garehul ya fi yawancin danginsa girma, yakan kai ƙafa ashirin a tsawo, rassansa su baje kusan haka. A ba shi wurin da rana ke samu yini guda, a nisanta shi da katanga da ramin masai da aƙalla ƙafa goma sha biyu, in kuma bishiya biyu ce a bar ƙafa ashirin da biyar a tsakani. Ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya ba wurinsa ba ne. Zafi ba ya damunsa. Hasali ma a ƙasashe masu zafi ya fi yin zaƙi da ja. Abin da ba ya so shi ne kwanciyar ruwa. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce a haƙa ramin, ƙafa biyu zurfi ƙafa biyu faɗi, a cika shi da ruwa da yamma. In gari ya waye ruwan na nan tsaye, wurin bai yi ba, sai dai a tara tudu a dasa a kansa. In an ci karo da marmara a fasa ta, in ba haka ba ramin ya zama tukunya.

Farkon damina, bayan ruwa ya zauna, shi ne lokacin dasawa. A gauraya ƙasar sama da kwando ɗaya na ruɓaɓɓen taki wanda ya shekara, a mayar cikin ramin, a yanke ledar a hankali kada ƙasar saiwa ta wargaje. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure na biyu. Ganin cewa zurfi shi ne ƙarfi, sai su nutsa dashen har mahaɗar aure ta shige ƙasa. Lalle ne dashen ya zauna daidai yadda yake a cikin ledarsa, ko ma ya ɗan ɗara sama kaɗan, domin ƙasar ramin za ta lotsa daga baya. Mahaɗar ta tsaya sarari, taƙi guda sama da ƙasa, inda laka ba za ta fantsamo mata ba. Dalili kuwa, akwai wata ƙwayar cuta mai kama da fumfuna da ke zaune a ƙasa mai damshi. Gindin yana iya jure ta gwargwado, amma ɓawon garehul ba ya iyawa. Da ta kama, sai a ga ƙaro yana tsattsafowa daga kara, ɓawo ya bushe ya tsage, in ta zagaye karan gaba ɗaya ganye ya yi ɗorawa, bishiya ta mutu a tsaye. Abin takaici, sau da yawa a shekarar da za ta mutu takan cika da fure fiye da kullum, mai ita yana murna.

Saboda wannan cuta ne ma ake yin kwarin ban ruwa a zagaye, ba a jikin kara ba. A tara ɗan tudu kewaye da gindin, a yi kwarin daga waje kamar zobe, kowace shekara a faɗaɗa shi ya bi bakin inuwar rassa, domin a nan ne ƙananan saiwoyi masu sha suke. Busasshiyar ciyawa da ake shimfiɗawa don riƙe damshi tana da amfani ƙwarai, amma a janye ta taƙi guda daga karan, saboda ruɓa da kuma gara. In an ga ƙaro ya fara fita, a kankare wurin da wuƙa mai tsabta har a isa lafiyayyen ɓawo, a shafa maganin fumfuna mai sinadarin jan ƙarfe, a kuma gyara abin da ya jawo damshin. A kiyaye fartanya, domin raunin da takan yi wa kara wajen noma shi ne ƙofar cutar. Ciyawar gindi da hannu ake cire ta.

Hidimar ruwa ta bambanta bisa ga inda mutum yake zaune. Mazaunin Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, yawan ruwa ne abokin gabarsa, aikinsa shi ne fitar da shi. Mazaunin Makurɗi da kewaye yana tsakiyar ƙasar lemo, jihar Binuwai kuwa ita ce kan gaba a nomansa a ƙasar nan, wahalarsa kaɗan ce. Amma mazaunin Kano ko Katsina ko Sakkwato, inda damina ba ta wuce wata huɗu ko biyar, ya san ya ɗauki nauyin shayarwa na sauran shekara. Ƙaramin dashe yana bukatar jarka ɗaya zuwa biyu, sau biyu ko uku a mako cikin rani. Babbar bishiya mai ɗauke da 'ya'ya tana shan ninkin wannan sau da yawa, musamman a watan Maris da Afrilu, kuma ƙoshi guda mai ratsa ƙasa ya fi yayyafin kullum. Wanda ke sayen ruwa hannun 'yan garuwa ya zauna ya yi lissafi tun kafin ya haƙa rami. Kada kuma a ce za a yi dabara a karkato makwararar wanka da wanki zuwa gindinta. Lemo ba ya shiri da gishiri da sabulu, bakin ganyensa yakan ƙone ya zube. Ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi ba su da laifi. Wani abu da masu lambu suka daɗe da sani shi ne, a ƙasa mai zafi ƙishi ne ke tayar da furen lemo: bishiyar da ta ɗan ji fari na 'yan makonni, da ta sami ruwa sai ta fashe da fure. Amma daga faɗuwar fure zuwa ƙosawar 'ya'ya, yankewar ruwa tana sa su zube, ko su tsage in ruwan ya dawo da yawa a lokaci ɗaya.

Kuskure na uku shi ne mafi ban haushi, domin a hankali yake zuwa ba a sani ba. Gindin nan da aka aura yana nan da ransa, kullum yana neman ya fitar da nasa reshen. Tohon da ya fito ƙasa da mahaɗa yakan fi na sama ƙarfi da sauri, miƙaƙƙe, mai ƙaya, ganyensa shar. Mai gida ya gan shi ya yi farin ciki wai bishiya ta kama. Shekara biyu ko uku, tohon ya shanye abinci ya rufe garehul ɗin da inuwa har ya bushe, ran da aka zo tsinka sai a tarar da lemo mai tsami da ƙwaya cunkus, a koma ana zagin mai sayar da dashe, alhali ba shi da laifi. Maganin abin babu kuɗi: duk mako a duba karan, duk abin da ya tsiro ƙasa da tabon a murje shi da yatsa tun yana ɗanye. Akuya ma tana iya jawo irin wannan asara a yini ɗaya, in ta cinye saman ta bar gindin, don haka shinge mai ƙarfi yana cikin kuɗin dashe.

Ban da wannan, garehul ba ya son yawan aski. A bar kara ɗaya ya tashi kamar ƙafa biyu da rabi, a zaɓi rassa uku ko huɗu su zama ginshiƙai, daga nan sai cire busasshe da wanda ke jan ƙasa. 'Ya'yan da suka girma a cikin inuwar ganye sun fi laushin ɓawo, kuma su ne jan ke fitowa a fatarsu. Na waje da ke fuskantar yamma rana takan ƙona su. Furen shekarar farko da ta biyu a daure a zubar da shi, ko da yake abin da wuya a zuciya, don itacen ya gina jiki tukuna.

Wajen abinci, cikin gwangwanin madara na takin zamani mai lamba 15-15-15, sau uku a shekarar farko, ya isa, a riƙa ƙarawa kowace shekara gwargwadon girman itacen, a barbaɗa a bakin inuwa a bi da ruwa. Kwandon takin gida ɗaya ko biyu a farkon damina yana gyara ƙasa. A yi hattara da yawan yuriya da ɗanyen kashin kaji, suna kawo ganye mai kyau da 'ya'ya masu ɓawo kamar katifa. In sabon ganye ya fito ƙanana da zanen ɗorawa tsakanin jijiyoyi, galibi ƙarancin zin ne ko ƙarfe, ana samun takin feshi na ganye domin haka. Toka ba ta maganinsa, tana ma ƙara shi.

Ƙwari ba su da wuyar sha'ani a bishiya ɗaya. Tsutsar malam-buɗe-littafi, wadda tana ƙarama take kama da kashin tsuntsu, tana iya cinye ganyen dashe cikin 'yan kwanaki, amma da hannu ake tsince ta. Ƙananan ƙwari masu tsotson toho, waɗanda ke barin danƙo har ganye ya yi baƙi kamar kunkunniya, ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya yana rage su. Wanda ya fi ɓarna shi ne ƙudan 'ya'yan itace na Asiya, wanda aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya cikin 2003, ya kuma bazu har Afirka ta Yamma cikin 'yan shekaru. Yana huda ɓawo ya sa ƙwai, ɗan itacen ya ruɓe ya faɗi. Duk wanda ya faɗo a tsince shi a ranar, a binne da zurfi ko a ƙulle a baƙar leda a ajiye a rana. Akwai kuma wata cuta da ta kamata a sa wa ido, wadda ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare, 'ya'ya su karkace su yi ɗaci. An gano ta a Filorida cikin 2005, kuma ta taka babbar rawa wajen durƙusar da noman garehul a can. Cikin 2020 masana suka ba da rahoton ganin ƙwaron Asiya da ke yaɗa ta a jihar Oyo. Ba ta da magani, kuma ta idon aure ma tana tafiya, wannan ya ƙara nuna muhimmancin sanin hannun da dashe ya fito.

Daga fure zuwa nuna akan ɗauki wata bakwai zuwa goma. Kada launin ɓawo ya ruɗi mai gida. Sanyin dare ne ke juya fatar lemo daga kore zuwa ɗorawa, saboda haka a kudu garehul yana iya nuna sarai fatarsa na nan kore, a arewa kuwa hunturu yakan rina shi. A ɗauki ɗaya a tafin hannu, in ya yi nauyi fatar ta yi sumul, a yanka a ɗanɗana. Lemo ba mangwaro ba ne, ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, don haka rumbunsa shi ne bishiyarsa: a riƙa cirewa gwargwadon bukata, da almakashi ko wuƙa, sauran suna ƙara zaƙi. Sai dai in sun daɗe ƙwarai jan cikin Ruby Red yakan koɗe, tsokar ta bushe. 'Ya'yan shekarun farko sukan zo da kaurin ɓawo da ƙarancin ruwa, kada a yanke wa itacen hukunci da su.

Akwai magana ɗaya da ta wajaba a kan duk gidan da ke da wannan itace. Cikin 1989 wasu masu bincike a ƙasar Kanada, ciki har da Dokta David Bailey, suna gwajin wani maganin hawan jini, sai suka yi amfani da ruwan garehul don ɓoye ɗanɗanon abin da suke ba mutane. Suka tarar maganin ya taru a jinin mutanen ninki da yawa fiye da ƙima. Bincike ya nuna garehul yana ɗauke da wasu sinadarai da ke kashe aikin wani abu a cikin hanji, wanda shi ne ke rage ƙarfin magunguna da dama kafin su shiga jini. Ja da fari duk ɗaya ne a wannan, kofi guda ya isa, kuma tasirin yana iya wuce kwana ɗaya har zuwa uku, saboda haka shan magani da safe da shan garehul da dare ba ya raba su. Cikin magungunan da abin ya shafa akwai felodipine da nifedipine na hawan jini, da simvastatin da atorvastatin na rage kitsen jini, kamar yadda ake rubuta sunayensu a jikin kwali, da waɗansu na zuciya da na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Yawancin masu dasa itace a gida magidanta ne da suka manyanta, su ne kuma suka fi shan irin waɗannan ƙwayoyi. Duk mai shan magani kullum ya ɗauki kwalinsa ya nuna wa likita ko mai haɗa magani kafin ya kai garehul baki, kuma in za a aika wa surukai ko maƙwabta kwandon farko, a haɗa da wannan bayani a bakin ɗan aiken.